Raunin da Ba Ya Zub da Jini

A ɗauka wani magidanci ne a ɗaya daga cikin garuruwan Filato, malamin firamare, mai 'ya'ya huɗu, wanda shi ne ke koya wa mawaƙan ikkilisiya sababbin waƙoƙi kowace Alhamis da yamma. Ran wata Jumma'a yana dawowa daga kasuwar Mangu a bayan ɗan acaɓa, akuya ta gitta, babur ya kwanta da su, kansa ya bugi gefen titi. Ko ya suma ko bai suma ba, shi kansa ba zai iya faɗa ba. Aka tashe shi, aka wanke masa ƙujewar gwiwa, aka sayo masa maganin ciwon kai a kemis. Ba karaya, ba targaɗe. Ran Lahadi matarsa ta kai baikon godiya, jama'a suka yi murna tare da ita, gama kowa ya san mutane nawa ne hanya ta cinye.

Bayan wata biyu gidan ya zama wani gida dabam. Maigida ba ya samun barci sai gab da asuba. Hasken rana yana soka masa ido. Yana karanta layi ɗaya sau uku kafin ya gane. Ya daina zuwa koyon waƙa, ran Lahadi kuwa da zarar an kunna lasifika, zumuntar mata sun fara kiɗa, sai ya sulale ya fita. Mutumin da a da yara ke hawa wuyansa, yanzu tsawa yake daka musu a kan faɗuwar cokali. Yakan rufe ƙofa ya zauna shi kaɗai, matarsa kuma ta same shi yana kuka sau biyu, ya kasa gaya mata dalili. Abin da take faɗa wa ƙawarta a ɓoye shi ne, "Baban yara ba shi ne ba."

Kowa yana da fassararsa. Dattawan ikkilisiya sun ga alamun wanda ya ja da baya, suna shawarar wanda za a aika ya yi masa faɗa. Dangi daga ƙauye sun ce jifa ne, an yi masa hassadar ƙarin girma da ya samu bara. Abokan aiki sun ce girman kai ne ko lalaci. Babu wanda ya tuna da faɗuwar nan ta hanyar Mangu, domin an riga an yi godiyarta, an rufe maganarta. Tambayar da ke gaban wannan gida kuwa tsohuwar tambaya ce: idan halin mutum ya sāke bayan abin da ya same shi, wanda bai jawo wa kansa ba, har ina za a kama shi da laifin sabon halin? Baƙin cikin da ya rufe shi, zunubi ne da zai tuba daga gare shi, ko ciwo ne da za a yi jiyya?

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san abin da ke faruwa a cikin ƙoƙon kai. Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, laushinta kuma kamar na awara ne. Tana zaune cikin wani ruwa da ke kare ta daga ƙashin da ya kewaye ta. Idan kai ya bugu, ko ma an fizgi jiki da ƙarfi ba tare da kan ya taɓa kome ba, sai ta yi tsalle a ciki, ta bugi ƙashi, siraran jijiyoyin da ke kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan su miƙe fiye da kima. Sinadaran da ke cikinsu su rikice, ƙwaƙwalwa ta shiga neman ƙarfin gyara kanta a daidai lokacin da ƙarfin ya ragu. Wannan shi ne abin da ake kira girgizar ƙwaƙwalwa. Yawancin masu samunta ba sa suma ko kaɗan. Hoton kai da ake ɗauka a manyan asibitoci yakan fito lafiya lau, domin zubar jini da fashewar ƙashi yake nema, wannan ɓarnar kuwa ta fi ƙarfin ganinsa. Likitoci suna da ma'aunin farkawa da aka ƙirƙiro a birnin Glasgow a 1974, mai maki daga 3 zuwa 15. Wanda ya sami 13 zuwa 15 akan rubuta masa cewa rauninsa mai sauƙi ne. Kalmar nan "mai sauƙi" ta cuci iyalai da yawa, gama ma'anarta a bakin likita ita ce ran mutum ba ya cikin haɗari a wannan sa'a, iyali kuwa sai su ji kamar an ce ba kome.

Gaskiya ne, yawancin mutane suna warkewa cikin mako biyu zuwa wata ɗaya. Amma akwai waɗanda abin ke bi har watanni. A 2019 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a asibitocin Amurka a kan mutane fiye da 1,000 masu irin wannan rauni: bayan wata shida, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da alamun ciwon damuwa mai tsanani, ko firgicin da ke bin bayan haɗari, ko dukansu biyu. A cikin waɗanda suka ji rauni a gaɓoɓi kawai, kansu bai bugu ba, adadin bai fi ɗaya cikin takwas ba. Ashe tsoron haɗarin da kuɗin asibiti ba su kaɗai ne ke jawo shi ba. Wani binciken da ya fito a 2010, a kan waɗanda rauninsu ya kai a kwantar da su a asibiti, ya tarar fiye da rabinsu sun shiga ciwon damuwa a cikin shekarar farko.

Hanyoyi biyu ne ke haɗuwa su haifar da wannan. Ta farko daga raunin kansa take: sassan ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, waɗanda ke riƙe linzamin fushi, suke kuma sa mutum ya ji marmarin yin abu, suna cikin wuraren da bugu ya fi shafa. Ta biyu daga abin da raunin ya ƙwace ne. Malamin da ba ya iya shirya darasi, mawaƙin da kiɗa ke sara masa kai, uban da ya ga 'ya'yansa suna tsit idan ya shigo, kowannensu yana makokin mutumin da yake a da. Ga rashin barci a kai. Ga kuma abin da ya fi duka ci masa rai: kowa yana ce masa ai ya warke. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan ciwo yana cikin waɗanda suka ƙaryata karin maganar, domin fuskar tana nan sumul.

Masu nazarin ƙwaƙwalwa ba sa gajiya da ba da labarin Phineas Gage, wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa a jihar Vermont ta Amurka. A watan Satumba na 1848, yana ɗan shekara 25, albarushin fasa dutse ya tashi da sandar ƙarfe mai tsawon fiye da mita ɗaya, ta shiga ta kuncinsa na hagu, ta fita ta saman kansa. Bai mutu ba. Likitan da ya yi jiyyarsa, John Harlow, ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa da iya aiki ya koma mai gajen haƙuri, mai zagi, wanda ba ya tsayawa a kan shawara ɗaya, har abokansa suka ce ba shi ne ba. Rauninsa ya fi girgizar ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, amma ya nuna abin da mutane ba sa son ji: haƙuri, kunya da kamun kai, waɗanda ake ɗauka kayan ruhu ne zalla, suna aiki ta wurin nama da jini, kuma ƙarfe yana iya taɓa su. Sai dai akan bar rabin labarin ba a faɗa ba. Gage ya rayu har 1860, kuma ya yi shekaru yana tuƙin keken dawaki na fasinja a ƙasar Chile, aikin da ke bukatar tashi da wuri, kula da dawakai, lissafin kuɗi, da iya hulɗa da baƙi. Wanda halinsa ya lalace har abada ba zai iya riƙe wannan aiki ba. Da alama wani abu ya sake ginuwa a cikinsa, aikin yau da kullum kuma ya taimaka wajen ginin.

Rabi biyun nan na labarin Gage su ne amsar tambayar. Ba a tambayar mutum abin da ba shi da ikon yi. Babu wanda zai zargi mai karayar ƙafa don bai zo sujada da gudu ba, ko mai ciwon sukari don jikinsa ya kasa sarrafa abinci. Nauyin da ke danne zuciyar malamin nan, da hawayen da ke zubo masa ba dalili, da rashin jin daɗin addu'ar da a da ke faranta masa rai, duk daga rauni suka fito. Wanda ya ce masa ya tuba daga gare su ya ɗora masa kaya biyu: ga ciwo, ga tunanin cewa Allah yana fushi da shi saboda ciwon. Mai ciwon damuwa kuwa dama ya riga ya zama alƙalin kansa, kullum yana yanke wa kansa hukuncin rashin amfani. Ba ya bukatar a ƙara masa shaidu.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye irin wannan hali ba. A 1 Sarakuna 19, annabi Iliya, jim kaɗan bayan nasarar Dutsen Karmel, ya gudu cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙa a ɗauki ransa. Abin lura shi ne jerin yadda aka bi da shi. An bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya sake kwanciya, aka sake tashe shi aka ciyar da shi. Sai bayan tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb aka yi magana da shi, aka ba shi aikin yi, aka kuma haɗa shi da Elisha don kada ya zauna shi kaɗai. Jiki aka fara kulawa da shi. Abokan Ayuba uku kuwa sun yi daidai a kwana bakwai na farko da suka zauna da shi a ƙasa ba su ce uffan ba. Ɓarnarsu ta fara ne sa'ad da suka buɗe baki suna tono zunubin da ya jawo masa masifa, a ƙarshen littafin kuma su aka tsauta wa.

To, amma mai tunani zai tā da wata magana, kuma maganarsa tana da nauyi. Idan an ce kowane fushi daga ƙwaƙwalwa ne, kowace janyewa daga rauni ce, ina iyakar uzurin? Shin mutum ya zama inji ke nan, wanda idan ya lalace ba a tambayarsa kome? Matar da aka zage ta a gaban 'ya'yanta fa, a ce mata ta yi shiru domin jijiya ce ta yi zagin?

Raunin ya rage ikon mutumin, bai shafe shi ba. Filin da yake iko da shi ya ƙanƙance, amma a cikin ɗan abin da ya rage, har yanzu shi ne mai zaɓi. Mai yiwuwa ba zai iya hana fushi tasowa ba. Yana iya koyon gane alamunsa ya fita waje kafin ya fashe. Ba zai iya janye kalmar da ta riga ta fita ba, yana iya komawa wurin yaron bayan ya huce ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana, kaina ne ke ciwo, ba laifinka ba ne." Ba zai iya umartar zuciyarsa ta yi murna ba, yana iya yarda a kai shi asibiti, ya faɗa wa likita gaskiya, ya sha magani a kan lokaci, ya ƙi burkutu da tiramol waɗanda abokai za su miƙa masa da sunan kore damuwa. Giya tana jinkirta warkewar ƙwaƙwalwa, tana ƙara zurfin damuwar, tiramol kuwa yana iya jawo farfaɗiya. A kan waɗannan ƙananan abubuwa ne ya dace a tambaye shi, kuma tambayarsa a kansu girmamawa ce. Wanda aka daina sa ran kome daga gare shi ya san an cire shi daga lissafin mutane, wannan sani kuma yana kashe zuciya kamar yadda zargi ke yi.

Akwai iyaka guda da ba a sasantawa a kanta. Idan abin ya kai ga duka, ko barazana da makami, mace da yara su koma inda za su tsira, ko gidan iyaye ko na fasto, har sai an shawo kan ciwon. Sanin dalilin duka ba ya rage zafinsa a jikin wadda aka doka. An sha yi wa mata wa'azin haƙuri a inda ya kamata a ba su mafaka, mijin kuma da zai farfaɗo wata rana ya ga abin da hannunsa ya yi, shi ma ba a taimake shi ba.

Kaso mafi girma na nauyin yana kan masu lafiya, tun da su ne ke da cikakken ikon da shi ya rasa. Abu na farko shi ne a haɗa canjin halin da buguwar, a kuma gaya wa likita: ranar kaza ya faɗi, kansa ya bugu, tun daga nan ga abin da ake gani. Majiyyaci da kansa sau da yawa ba ya ambata, ko don ya manta ko don yana ganin ba shi da muhimmanci. A kwanakin farko bayan bugu, amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashe mutum daga gare shi, jijjiga, mutuwar ɓarin jiki, ko ruwa yana fita ta kunne ko hanci, duk alamun gaggawa ne, a tafi asibiti ko da tsakar dare. Tsoho kuwa yana iya fara rikicewa makonni bayan 'yar faɗuwa saboda jini da ke taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙashin kai, a yi ta cewa tsufa ne, alhali tiyata na iya dawo da shi.

Shawarar likitoci ma ta sāke. A da akan ce a kwantar da mutum a ɗaki mai duhu har sai duk alamu sun tafi. Yanzu an gane doguwar kwanciya da kaɗaici suna ƙara ciwon. Taron masana da aka yi a Amsterdam a 2022 ya tsaya a kan hutun kwana ɗaya zuwa biyu, tare da rage kallon waya da talabijin, sa'an nan mutum ya fara 'yar tafiya a ƙasa, yana ƙarawa kaɗan kaɗan muddin alamun ba su tsananta ba, yana kuma guje wa duk abin da zai sake buga masa kai. Wannan aiki ne da ɗan'uwa ɗaya zai iya ɗauka: ya zo kowace yamma ya ce, "Malam, taso mu taka zuwa bakin rafi." Ziyarar mutum ɗaya mai ƙarancin surutu ta fi masa amfani a kan tawagar mutum ashirin da ganga, ko da yake masu gangar da ƙauna suka zo.

Idan baƙin cikin ya wuce mako biyu ba ya ɗagawa, ya hana ci, ya hana aiki, lokacin ganin likitan ƙwaƙwalwa ya yi. A nan ne iyalai da yawa ke tsayawa cak, saboda sunan da ake kiran irin waɗannan asibitoci da shi, da tsoron kada a ce akwai hauka a gidan, 'yan matan gidan su rasa masu aure. Har zuwa Janairun 2023, sa'ad da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, Nijeriya tana aiki ne da dokar mahaukata ta 1958, saboda haka ba abin mamaki ba ne tsoron ya yi saiwa. Likitocin wannan fanni kuma 'yan ɗaruruwa ne ga mutane fiye da miliyan 200. Duk da haka akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri, akwai sashen a asibitocin koyarwa irin na Jos, likitan babban asibiti ma yana iya fara magani. Magungunan damuwa ba sa aiki nan take, sukan ɗauki mako biyu zuwa shida, mutane da yawa kuwa suna watsar da su a mako na farko suna cewa ba su ga kome ba. Akwai kuma jiyya ta hanyar tattaunawa da masani, inda ake koya wa mutum kama tunanin da ke ruɗinsa. Shan magani ba ya rage darajar addu'a. Sa'ad da aka yi wa Sarki Hezekiya alkawarin warkewa, annabi Ishaya da ya kawo saƙon shi ne kuma ya sa a manna curin ɓaure a kan marurun.

Magana mafi wuyar faɗa ita ce ta kisan kai. Wani babban bincike daga ƙasar Denmak da aka buga a 2018 ya nuna cewa haɗarin mutum ya kashe kansa ya kusa ninka biyu a cikin waɗanda suka taɓa samun rauni a kai, kuma ya fi yawa a watannin farko. Idan majiyyaci ya fara cewa gara ba ya nan, ko iyalinsa za su huta in ya tafi, ko ya fara rarraba kayansa, kada a rufe masa baki da "Allah ya sawwaƙe, daina faɗin haka." A zauna a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin hallaka kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. A kawar da maganin feshi na gona, da igiya, da bindigar farauta daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Wani ɗan Nijeriya yana da hannu a yadda duniya ta daina raina buguwar kai. Dokta Bennet Omalu, ɗan asalin Anambra, wanda ya yi aikin likita a Jos kafin ya tafi Amurka, shi ne ya binciki gawar Mike Webster a Pittsburgh a 2002. Webster shahararren ɗan wasan ƙwallon Amurka ne da ya ƙare rayuwarsa cikin damuwa da rikicewa, ya mutu yana da shekara 50. A ido ƙwaƙwalwarsa lafiya take, sai da Omalu ya duba ta da madubin likita ya ga ɓarnar, ya buga sakamakon a 2005. Wannan cuta ta masu shan bugu ne shekara da shekaru, wanda ya faɗi sau ɗaya kada ya tsorata da ita. Amma iyayen 'yan dambe da 'yan ƙwallo su lura: yaron da kansa ya bugu a fili, a fitar da shi, kada ya koma wasa a ranar ko da ya rantse ya ji sauƙi. Hular kwano kuma, wadda wasu 'yan acaɓa suka mai da ita abin dariya a Janairun 2009 sa'ad da aka tilasta sa ta, har suna kifa ƙwarya a ka, ta fi kowane magani da aka ambata a nan araha.

Malamin nan, idan an bi da shi haka, ba a rana ɗaya zai dawo ba. Za a sami mako mai kyau, a yi murna, sai wani ya biyo baya da ya fi na da muni, matarsa ta ga kamar an koma farko. Ita ma tana bukatar wadda za ta riƙe mata yara ta je ta yi barci. Shugaban makaranta zai iya rage masa aji na ɗan lokaci. A majami'a kuwa, ana iya ajiye masa benci a waje ƙarƙashin inuwa, nesa da lasifika, ya shigo bayan an gama kiɗa, wani dattijo kuma ya riƙa zama tare da shi a can don kada masu wucewa su ɗauka horo aka yi masa. Mawaƙa su ci gaba da mataimakinsa, amma kada a naɗa wani a gurbinsa tukuna. Wata Alhamis mai yiwuwa ya leƙo, ya tsaya a bakin ƙofa minti goma, ya gyara wa masu siririyar murya wuri ɗaya da suke kuskure, kansa ya fara sarawa, ya koma gida.